Kunnena na Hagu

Litinin, 6 ga Oktoba
Yau na koma aji a matsayin ɗalibi, bayan shekarun da na yi ina koyar da tarihi a sakandare. A fannin shari'a ni ma sabon shiga ne. Yaran ajin har sun sa mini Dattijo. Ban amsa ba, ban kuma hana ba.

Ɗakinmu ɗaya da Auta, ɗan kawuna, ajinmu ma ɗaya. Kawu ya ce in sa masa ido.

Laraba, 8 ga Oktoba
Zauren darasi ya fi ƙarfin lasifikarsa. Na zauna a baya, malamar tsarin mulki ta yi ta bayani, abin da na kama bai cika shafi ba.

Da yamma na gaya wa Auta abin da ko a gida ban faɗa ba: kunnena na hagu ya mutu tun zazzaɓin bara waccan, na daman ma yana raguwa. Shi ne ainihin abin da ya raba ni da koyarwa. Na roƙe shi ya bar maganar tsakaninmu. Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba Yaya, ko Baba ba zai ji ba."

A nan wanda ya riga zuwa yakan ajiye littafi a kujera, ta zama ta mai littafin. Auta ya ce shi zai riƙa kama mana gaba. A hanya kuma ya koma damana da kansa. Wannan ya yi mini daɗi.

Talata, 14 ga Oktoba
An ture littattafanmu ƙasa, wasu suka zauna. Auta ya naɗe hannun riga, na hana shi.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Kafin malama ta shigo, shugaban aji ya ɗauki lasifika ya sanar cewa daga yau kujeru biyu na gaba an keɓe su, ɗaya ta Dattijo saboda lalurar kunne, ɗaya ta ƙaninsa mai taimaka masa. Wannan kam na ji shi sarai. Duk zauren ya juyo. Wani ma har da tafi. Wata yarinya ta nemi aron biro, tana buɗe mini baki kamar mai koya wa jariri magana.

Na zauna har aka tashi. A ɗaki na tambayi Auta dalilin da ya sa ya gaya wa shugaban aji. Ya ce ya gaji da dambe a kan kujera, kuma ai don ni ya yi. Na ce, to, ta biyun fa, wane taimako yake mini da ya kai a ba shi kujera? Ya yi 'yar dariya, ya ce tunda hanya ta samu.

Tunda hanya ta samu.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Na koma layin ƙarshe.

Litinin, 20 ga Oktoba
Na mai da Auta haguna. Daga ɗaki har zaure ina ganin bakinsa yana motsi. Ya gane, bai yi yunƙurin sauyawa ba.

Laraba, 22 ga Oktoba
Kawu ya bugo waya. Ya tambayi karatu, sannan ya ɗaga murya fiye da kima ya tambayi jiki. Na ce da sauƙi. Ashe maganar har can ta kai.

Talata, 28 ga Oktoba
Gwajin farko. Babi na uku na karanta, tambayoyin suka fito daga na biyar. Malama ta sauya babin tun makon jiya, da baki ta faɗa a aji. Na miƙa takardata kusan fara. Wannan gwajin yana cikin makin ƙarshen zango.

Na ce wa Auta ko albarkacin zumunta ai ya sanar da ni.

"Na gaya maka, Yaya. Har sau biyu, a hanya. A hagu nake."

Wannan bai wanke shi ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba
Sai yau na lura tun ranar da na bar gaba Auta ma bai zauna a tasa kujerar ba. Yana tsakiyar zaure cikin jama'a, kujerun biyu babu kowa.

Litinin, 3 ga Nuwamba
Fankar baya ta lalace, zafi ya yi yawa, saboda haka na zauna a gaba. Malama ta ambaci wani sashe tana fuskantar allo. Na ɗaga hannu na ce ban ji ba, a maimaita. Ta maimaita. Na ga rabin ajin sun sunkuya suna gyara abin da suka rubuta.

Ban yafe wa Auta ba, ina so wannan ya tabbata a rubuce. Ana haƙa rami a gefen hanyar ɗakinmu, shi ya sa da muke komawa ya faɗo damana. Ya ba ni labarin ƙwallo har ƙofa. Yaron ya cika surutu.