Inda ƙwayoyi biyu suka haɗu

Litinin, 3 ga Maris

Shugaba ya tsaya a bayan kujerata yau. Ya ce, "Hajiya, layukanki duk giɓi ne." Idan wata ya ƙare a haka, manhaja za a ba aikin, ni in koma ɗakin karɓar jini. Bai ɗaga murya ba. Na ce to.

Aikin nawa ba wani mai yawa ba ne: bidiyon ƙwayoyin garkuwar jiki da aka ɗauka ta madubin bincike mai girmama ƙananan abubuwa, in bi kowace ƙwaya hoto bayan hoto, in ja mata layin inda ta bi. 'Yar Lissafi, wadda teburinta ke kusa da taga, ita ke kwashe layukan ta koya wa ƙwayoyinta na kwaikwayo tafiya a cikin kwamfuta. Ina son aikin nan fiye da yadda nake nunawa.

Laraba, 5 ga Maris

Giɓin ga inda yake. Ƙwaya biyu su haɗu su dunƙule, can su rabu. Wadda ta fita dama, ita ce ta shigo ta sama, ko ɗayar ce? Ban gani ba. Sai in yanke layin a nan, in fara sabo. Tun a makarantar allo, in baƙi ya goge ba ma karanta shi da ka, tashi muke mu tambaya. Wa zan tambaya a nan?

Juma'a, 7 ga Maris

Na faɗa wa maigida. Dariya ya yi. Wai ni da ko an tambaye ni ƙarfe nawa sai na ce "in agogon daidai yake".

Talata, 11 ga Maris

'Yar Lissafi ta jawo min kujera. "Anti, zo ki ga 'ya'yanki." Ta kunna. Ƙwayoyinta na ta yawo gwanin kyau, amma da biyu sun taɓa juna sai su ɓace, wasu biyu su tsiro daga babu. Ta ce, "Kin ga? Gaisuwa ɗaya, sai jana'iza da suna lokaci guda."

Na yi dariya, daga baya na gane. Abin da su Shugaba suke nema ke nan tun farko: in ƙwaya mai sintiri ta haɗu da mai kawo labarin cuta, tsawon wane lokaci suke tare, kuma ina kowace ke nufa bayan nan. Daidai wurin nake gogewa. Ni da nake gudun shaidar zur, ashe shiruna ya shaida wa kwamfuta cewa mutuwa suke yi.

Laraba, 12 ga Maris

Ban ja layi ko ɗaya ba. Ciwon kai.

Alhamis, 13 ga Maris

Ina shimfiɗa darduma a lungun bayan firji sai na tuna. Matafiyin da alƙibla ta ɓace masa ba a ce ya bar salla ba. Ya duba rana, ya duba abin da zai iya dubawa, ya fuskanci inda zuciyarsa ta fi rinjaya. Mun karanta wannan ina yarinya, ban taɓa kawo shi wurin aiki ba.

Na ce wa 'Yar Lissafi zan haɗa layin, amma da sharaɗi: kar a rubuta zatona a matsayin gani. Ta ce ai wannan shi ne abincinta. Kafin la'asar ta ƙara min gurbi a gefe, in sa yawan yaƙinina cikin goma. "In biyar ne ki sa biyar, Anti, ba wanda zai kai ki gaban alƙali." Wai kwamfuta za ta gwada hanyoyin biyu, ta ba kowace nauyinta.

Talata, 18 ga Maris

Ashe akwai abin dubawa. Wata ƙwayar tana da jela a baya, wata sauri ne da ita kamar mai tsoron rasa mota, kuma ba kasafai take sake hali don ta yi karo ba. Na sa bakwai, na sa shida. Sau ɗaya na sa tara, na koma na mayar da shi takwas.

Har yanzu ina istigfari kafin in danna.

Laraba, 26 ga Maris

'Yar Lissafi ta kunna sabon kwaikwayon a gaban Shugaba. Ƙwayoyi biyu sun haɗu, sun ɗan jima tare, ɗaya ta juya ta miƙe kamar an aike ta. Babu wadda ta ɓace. Ya ce a maimaita.

Litinin, 31 ga Maris

Na tarar da sababbin bidiyo a kwamfutata, na ƙwayoyi a bakin rauni, cunkoso kamar tashar mota. Shugaba ya leƙo ya ce manhaja za ta ja layukan da ba rigima, haɗuwa kuma tawa ce. Ya tambaya ko zan gama kafin ƙarshen watan gobe.

Na ji bakina ya ce, "Takwas cikin goma, in sha Allahu."

Na tsallake farkon bidiyon na tafi kai tsaye inda suka fi cakuɗewa. Don in rage aiki ne kawai.