Murhun da Ruwa Ke Hurawa

Ravshid, 4 ga Disamba

Yaya Nazarsho,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Rasha, yaya kuma bayan naka da ka ce yana damunka? Baba na gaishe ka. Gwaggo Zarifmo ta ce in tambaye ka ko har yanzu safa ɗaya kake sawa wata guda.

Wasiƙarka ta iso. A layin farko injinka ka tambaya, Baba kuwa sai a layi na shida. Na ƙirga. To, injin lantarkin da ka haɗa a kan rafi ka bar mini amana yana nan lafiya lau, gidaje goma sha biyun ƙauyen nan kowa da ƙwan fitilarsa. Kullum da safe nakan hau dutse da gatari in fasa ƙanƙarar bakin bututun ruwa kafin in wuce makaranta.

Baba ne ba lafiya. Tarin nan ya dawo, kuma likitan birnin Khorog ya ce ƙirjinsa ba zai ɗauki hayaƙi ba, ba zai ɗauki sanyi ba. Sai na yi wani abu ban shawarce ka ba. Murhun lantarkin da ka ajiye a rumfar inji don ya riƙa shanye rarar ƙarfi, yana ɗumama duwatsu a banza, na ja waya na kawo shi gefen shimfiɗar Baba. Kada ka tashi hankalinka, ban manta dokarka ba: ba a kashe murhun sai an fara rufe ƙofar ruwa, domin ƙarfin da ya rasa wurin zuwa kan injin zai koma ya ƙona shi.

Da farko Baba ya ƙi ko kallonsa. Cewa ya yi, “Ke Gulnamo, wutar da ba ta hayaƙi ba ta toka, ai ƙarya ce. Kwashe jan idon nan daga gabana.” Ni kuwa na zaunar da shi na yi masa darasin 'yan aji bakwai kaf. Ruwan da ke kwance a saman dutse yana da ƙarfi a ajiye. In ya faɗo cikin bututu ƙarfin ya zama gudu, gudun ya juya farfela, farfela ta juya jan ƙarfe ya zama lantarki, shi kuma ya zama haske a gidan Odinabek maƙwabcinmu, ya zama zafi a nan. Ba ya ɓata, kama kawai yake sauyawa. Gwaggo ta ce, “Oho, wato yanzu ruwa ne ke hura mana murhu? Allah Ya shirya 'yan boko.”

Kwana uku muna wannan. Ran na huɗu Baba ya yagi takarda ya kara a jikin wayar, ta kama ci bal-bal. Ya daɗe yana kallon tokar a tafin hannunsa, sannan ya ce ya yarda, wuta ce ta gaske. Na ci gardama, kuma ka san ni da son cin gardama. Yanzu faɗansa ɗaya: da magariba in maƙwabta sun kunna fitilu jan murhun yakan rage, sai ya ce Odinabek na sace masa ɗumi yana karanta tsohuwar jarida da shi.

Abu ɗaya nake jin kunyar faɗa. Bana ban hau tonon saiwar dajin da muke hura wuta da ita sosai ba, busasshen kashin shanun ma kashi ɗaya cikin uku na tara. Gwaggo ta yi ta mita, na ce mata ruwa ba ya ƙarewa. In dai injin na juyi, zan riƙe maka Baba da ɗuminsa har ka zo bikin sabuwar shekara na Navruz a watan Maris kamar yadda ka alkawarta.

Ƙanwarka,
Gulnamo

Ravshid, 19 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka ta'aziyya. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Gwaggo Zarifmo ta rasu ranar Talata da hantsi. Tana dama shayin madara da gishiri ta ce kanta na juyawa, ta jingina da ginshiƙi, shi ke nan. Duk idonmu na kan ƙaninta mai tari, ashe ita ce a gaba. Allah Ya jiƙanta.

Na fita da gudu kiran halifa, wato limaminmu, da mata, na bar Baba shi kaɗai da gawar yayarsa. Ka san al'ada, gidan da aka yi rasuwa ba a barin wuta a cikinsa sai bayan kwana uku. Ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba. Ina kan gadar katako na ji kukan injin ya sauya, ya yi siriri yana hawa kamar tukunya za ta tafasa. Rana ce, babu fitila ko ɗaya a kunne. Nan take na san abin da ya faru.

Na hau dutsen nan ina faɗuwa ina tashi. Ƙofar ruwa ta daskare, sai da na sare ta da gatari. Kafin in rufe, ƙauri ya riga ya cika rumfar. Jan ƙarfen da ka yi wata biyu kana naɗawa ya zama baƙi ƙirin, yana da zafin da ya narkar da ƙanƙarar rufin tana ɗiga mini a ka.

Da na dawo na tarar da Baba zaune, wayar murhun da ya cire tana hannunsa. Wallahi na ɗaga masa murya, a gaban gawa, a gaban mata. Bai yi fushi ba. Ya ce, “Ke kika ce wuta ce, uwata. Na gwada na gani. Zan bar wuta a kan Zarifmo?” Na koya masa duk hanyar da ƙarfi ke bi daga dutse har zuwa ƙafafunsa, amma dokarka guda ɗaya ban taɓa faɗa masa ba, don a ganina wannan aikina ne, ba nasa ba. Da na bar shi da ganinsa na farko cewa wutar ƙarya ce, da ko taɓa wayar ba zai yi ba.

Odinabek ya roƙe shi ya koma gidansu kwana ukun nan. Halifa ma ya ce mara lafiya na da uzuri. Baba ya ce shekara saba'in bai taɓa barin Zarifmo ta zauna ita kaɗai ba, ba zai bar ɗakinta da wuri haka ba. Muka lulluɓe shi da duk bargunan gidan, mata suna kawo duwatsu masu zafi a zani daga gidajensu. A rana ta uku aka kunna fitilar mamaci da lagwanin auduga da kitse, ita kaɗai ce haske a garin.

Ba wanda ya zage ni. Gara ma a ce sun zaga. Dusar ƙanƙara ta toshe hanya, wannan takarda ma wani mai tafiya a ƙasa zan ba. In da hali ka aiko da wayar jan ƙarfe, ka rubuto mini yadda ake naɗi, zan koya.

Taka,
Gulnamo

Ravshid, 12 ga Maris

Yaya Nazarsho,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Takardarka ta iso jiya, da zanen naɗin da ka yi mini shafi huɗu. Wannan karon Baba ka fara tambaya. Na gode, amma ka makara da kwana biyar.

Ɗan makamashin da na tara ya ƙare tun tsakiyar Fabrairu. Maƙwabta sun yi ƙoƙari, kowane gida na kawo curin kashin shanu biyu, alhali su ma da nasu tsofaffin. In na hura, hayaƙi ya shaƙe shi. In na kashe, ya kama rawar ɗari. Haka na yi ta zaɓa masa tsakanin biyun kullum. Na ƙona ƙofar rumbu, na ƙona akwatin littattafanka, daga baya littattafan. Na kimiyya ya fi kowane saurin ci, ko ruwan shayi bai tafasa ba.

Ranar Juma'a da la'asar ya ce in ba shi hannuwana. Nawa ne masu sanyi, don daga rafi na dawo. Ya riƙe su cikin nasa yana murzawa kamar lokacin da muke yara, yana cewa malama guda ba ta san ta sa safar hannu ba. Ya tambayi saura kwana nawa Navruz. Na rage masa biyar. Ya ce in gaya maka kada ka yi mini faɗa a kan inji, shi ya cire waya.

Ban saki hannunsa ba har ya cika, har ya huce. Ina zaune ina jin nawa na ɗumi, nasa na sanyi, kuma wannan mugun kan nawa bai daina aiki ba, yana gaya mini ɗumin bai ɓata ba, ya dai bar jikinsa ya shigo nawa. Shekara tara ina rubuta wannan a allo da alfahari. Yanzu na san gaskiya ne, na kuma san ba ya amfana wa kowa komai.

Mun sake yin kwana uku babu wuta. Wannan karon babu abin kashewa.

Ƙanƙara ta fara saki, ruwa na sauka da ƙarfinsa yana wuce rumfar injin. Yara sun tambaye ni yaushe za a dawo da haske, na ce sai Yaya ya zo. Ka zo ko da Navruz ta wuce, ka taho da wayar saboda gidaje goma sha ɗayan nan. Namu kuwa kada ka ja masa waya. Murhun yana nan inda yake a gefen shimfiɗa, ban iya ɗaga shi ba.

Ka yafe mini. Amana biyu ka bar mini.

Ƙanwarka,
Gulnamo