Malam Ya Yabi Halina, Bai Faɗi Aikina Ba

Malama Mariyamu, don Allah ki agaza mini kafin wata ya ƙare.

Shekarata tara ina kula da na'urori a wani gidan rediyo a nan Zariya. Ni ke daidaita sauti a sutudiyo, ni ke duba tiransimita, da azumi kuma ni ke ɗaukar kaya zuwa masallaci mu watsa tafsiri kai tsaye. Wallahi ina jin daɗin aikina, ba gudunsa nake yi ba. Iya ma in ta ji murya ta fita tas, sai ta ce wa maƙwabta hannun ɗanta ne. Ƙarin gogewa nake so, shi ya sa na nemi tafiya Kanada a sahun ƙwararrun ma'aikata. Na ci jarrabawar Turanci, takardar shaidar aiki ce ta rage.

Shugaban sashenmu, Malam Abdulhamid, aminin marigayi babanmu ne, zaure ɗaya suka yi karatu a unguwar Kusfa. Shafi biyu ya rubuta mini: ni ɗan gidan mutunci ne, ba na wasa da salla, ban taɓa ɗaga masa murya ba, har kakana ya ambata. Da zai miƙo mini, idonsa ya ciko da ƙwalla. Amma ko layi ɗaya babu a kan abin da nake yi. Ta yaya zan ce wa mutumin da nake durƙusa wa takardarsa ba ta yi ba? Wani abokina ya ce in rubuta wata in kwaikwayi sa hannunsa.

Mai Sauti, Ƙofar Gayan

Ƙanena Mai Sauti,

Ba kai kaɗai ba ne. Mu a nan in an ce shaida, hali muke nufi, kamar ta neman aure. Jami'in da zai duba takardunka bai san Kusfa ba. Yana son ya ga ranar da ka fara aiki, muƙaminka, awa nawa kake yi a mako, da ayyukanka ɗaya bayan ɗaya. Malam bai yi kuskure ba, tambayar da ya saba ji ya amsa.

Shawarar abokinka ka watsar da ita. Waya ɗaya za su buga ofishinku, ka rasa tafiyar, ka rasa Malam.

Kada kuma ka mayar masa da takardar. Ka adana ta, ba kowa ke samun irinta ba. Ka same shi a gida bayan la'asar, ba a ofis ba. Ka yi godiya sosai, sannan ka ce Turawan suna neman ta biyu, mai jero ayyuka zalla. Roƙon ƙari ba raini ba ne.

Amma kada ka je hannu banza. Yau ka ɗauki biro ka rubuta duk abin da hannunka ya taɓa a makon jiya, daga makirfo har janareto, ka kai masa ya gyara. Gwada ka gani. Ina zaton sai ya tuna maka abubuwa uku da ka manta.

Allah ya sa alheri ne ke kiranka.

Malama Mariyamu