Faya-fayan Folarin Sittin da Uku

Litinin, 2 ga Maris, 1987

Likita ya ce kunnen dama ya riga ya mutu, na hagu ma ba zai ga ƙarshen damina ba. Mijina Folarin ya yi masa godiya har da rusunawa, sai ka ce albishir aka yi masa. Daga asibiti muka koma unguwarmu, Ebute Metta. Muna shiga gida ya wuce wajen kanta ya ƙirga faya-fayan garmahonsa. Sittin da uku, duk kiɗan ogan na coci. Wai zai saurari ɗaya kowace yamma, ji na ƙarshe, sannan ya kyautar da shi ga wanda ya dace. Hannunsa rawa yake yi, in ya ɗora allura sai ya karce faifan. To wa zai ɗora? Ni Mojirade mana, wa kuma.

Shekara ashirin da bakwai yana zaune gaban bututan ogan ɗin cocinmu, hannu biyu da ƙafa biyu duk suna aiki. Ranar da na haifi Ibidun yana can yana kaɗa wa wasu ɗaurin aure. Yanzu ogan ya gama cinye shi, an kawo mini ƙashin in ajiye a falo.

Alhamis, 5 ga Maris

Ga tsarin. Ƙarfe biyar in dawo daga makaranta da littattafan yara hamsin a kai, in goge faifai, in ƙure murya. Shi kuma ya manna kunnen hagu jikin lasifika ya rufe ido. In an gama ya faɗi wanda za a ba, ni in rubuta a kati.

Na yau: "Rubuta, Maman Ibidun. Ga Mista Ajasa. A saurara a zaune, bayan an ci abinci. A lura makaɗin bai yi sauri ba, domin ba kare ke binsa ba."

Ajasa shi ne ya gaje shi a coci. Na ce wannan ba kyauta ba ce, mari ne. Ya ce, "Me kika ce?" Na bar shi.

Talata, 10 ga Maris

Alhaja Simbiat, mai gidan, ta hauro da tsakar faifai tana haki.

"Maman Ibidun, tashin ƙiyama kuke gwadawa a sama? Tangarayena sun fara tafiya da ƙafarsu!"

Na ce, "Alhaja, lasifikar masallacinku na tashe ni tun ina amarya, ban taɓa saukowa ba."

Ta buɗe baki za ta rama, sai ta hango shi maƙale da akwatin kamar jinjiri a ƙirjin uwa. Dole na faɗa mata. Sai ta ce, "Ku dai riƙa tsayawa in an kira magariba." Yau da safe ga alala a ganye ta aiko. Da ta zage ni da ya fi mini. Tausayi ba ya ramuwa.

Lahadi, 15 ga Maris

Ajasa ya kaɗa taken fita daga coci kamar mai gudun ruwan sama. Folarin bai je ba.

Asabar, 21 ga Maris

Faifan wata tsohuwar majami'a a Holan. Kiɗa ya ƙare na miƙa hannu, ya daka mini tsawa: "Kada ki ɗaga! Ginin bai gama magana ba." Gaskiya ne, amon ya ci gaba da yawo cikin duwatsun mutane har na ƙirga bakwai. Wai in daina bin siraran muryoyin sama, in bi masu kaurin da ake kaɗawa da ƙafa, su ke riƙe da gidan. Na ce na san masu riƙe gida ba a ganinsu, ba sai Bature ya koya mini ba. Wannan ma bai ji ba. Duk baƙar maganar da na tara masa ta shekaru, sai yanzu na samu bakin faɗa, ga shi ba kunnen da za ta shiga.

Littattafan da nake koyarwa cike suke da matan da suka yi jinya cikin murmushi. Maza ne suka rubuta su.

Juma'a, 3 ga Afrilu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da rana ya tafi aski, na sa ƙaramin faifaina na kiɗan juju, na taka rawa ni kaɗai a falo. Ƙananan faya-fayai a gudun arba'in da biyar ake juya su, nasa manya a talatin da uku. Na manta ban mayar da maɓallin ba. Da yamma na ɗora nasa, ogan ya fito yana tsuwa kamar an shaƙe ɗan akuya, yana gudu. Na zabura zan gyara, sai na kalle shi.

Idonsa a rufe. Ƙafarsa na taka ƙasa a hankali, daidai yadda kiɗan ya kamata ya tafi. Mutumin da ya taɓa tsayar da mawaƙa arba'in saboda mace ɗaya ta kauce da ƙiris. Faifan ya ƙare, allura na ta ƙwas-ƙwas, shi yana ci gaba. Na tsaya da tsumma a hannu har ya kai ƙarshen nasa.

Ya buɗe ido ya ce, "Rubuta." Sai ya ga fuskata, ya bi idona zuwa maɓallin.

Na rubuta a katin: Tun yaushe?

Ya ce, "Talata."

Saura faifai talatin da ɗaya.

Laraba, 8 ga Afrilu

Ya lulluɓe garmahon da zanen tebur. Ya ce in kira masu sayen tarkace su kwashe sauran. Tuwon amala ya kwana biyu yana komawa kicin yadda ya fito. Na rubuta masa cewa ni ba 'yar aikinsa ba ce, in yana son zubarwa ya sauka da su da kansa. Ya karanta, ya ninke takardar, ya juya ga bango.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Shirun gidan nan ne ya ishe ni, ba wani abu ba. Ƙarfe biyar na yaye zanen. Na duba maɓallin sau biyu.

Ya fito ya tsaya bakin ƙofa da kayan barci, ya karanta kwalin. Can ya ce, da ƙarfi irin na kurame, "Ina aka kai?"

Ban san sunayen wuraren ba. Na rubuta: Ƙafa ta shigo ita kaɗai, kamar hadari daga wajen teku. Ya zauna. Ya ce, "To yanzu hannun hagu zai amsa mata." Ya kuwa amsa.

Da aka gama ya ce wa za a ba. Na rubuta cewa wannan yana da tabo, ba a ba mutum faifai mai tabo. Na kai shi ɗakina, bayan littattafai.

Ba shi da tabo.