Na yi wa faifan kwamfutar maigidana hayaƙi

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan fili, da sauran 'yan'uwa masu karatu. Don Allah ku ba ni shawara, amma Anti ki sakaya sunana, don a garinmu ko tari ka yi an san mai shi. Ku yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya a firamare.

Ni matar aure ce a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, ina da goyon 'ya mace, ta fara rarrafe. Maigidana shi ne mai buga takardu a ofishin da ke raba wa manoman rani ruwan kanal. Da tafireta yake aiki, sai bara aka kawo musu kwamfuta, aka tura shi kwas Kano na sati shida. Ranar da ya dawo har kaza na yanka, ashe wahala ce ta shigo mana gida.

Yadda ya yi min bayani, a cikinta akwai wani abu mai duba rubutu, in ka yi kuskure sai ta yi ƙara ta tsaya. To ita Turanci kawai ta sani, shi kuwa aikinsa jerin sunayen manoma ne da fulotin gonakinsu. Ya buga Ɗanladi ta yi ƙara, ya buga Tanko ta yi ƙara, har sunan garin Kadawa da take zaune a cikinsa ba ta yarda da ita ba. Sai ya dinga koya mata suna ɗaya bayan ɗaya, tana ajiyewa a wani baƙin faifai mai kusurwa huɗu, marar kauri, da ake zura shi a rigar takarda. Wata uku yana wannan aiki. Doka ita ce faifan ba ya fita daga kabad ɗin ƙarfe na ofis, makullin kuma yana hannun masinjansu, wani dattijo, Baba Sale. Amma ran Juma'a maigida yakan sako shi a jaka a ɓoye, wai ofis in an rufe zafi yake kamar tanda, ran Litinin da sassafe in Baba ya buɗe kabad ya fita shara sai ya mayar.

Kwanan baya sai kwamfutar ta soma sabon salo, sunan da ya koya mata jiya yau ta ce ba ta san shi ba. Ya kashe ya kunna, ya goge, ya sake koya mata, duk a banza. Ina kallonsa yana ramewa, wandonsa har sai da ya ƙara wa bel huda. Yana cin tuwo bakinsa na motsi, sunayen mutane yake karantawa.

Na kai kukana wajen Gwaggona. Ta ce, "Ke 'yar nan, wane irin ƙarfe ne zai ji sunan Musulmi ya yi ihu? Baki ne. Shi kaɗai aka zaɓa aka kai birni, kina tsammani sauran daɗi suka ji?" Ta ba ni ƙullin hayaƙi ta ce a turara abin da yake taɓawa. Na san in na gaya masa dariya zai yi min, ya ce ƙauyanci, shi ya sa na yi shiru.

Ran Asabar da hantsi ya tafi ɗaurin aure Bunkure. Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba maganin, na ƙara turaren wutata don kada ya ji warin. Na kifa kwandon da nake turara kaya, na ɗora faifan a kai da bismillah, niyyata in ƙirga goma in ɗauke. Sai na hango yarinya ta rarrafa ta kama bakin bokitin ruwa tana leƙawa. Na kwasa a guje, ta fasa kuka, na ba ta nono ta yi shiru. Ko da na tuna na dawo, faifan ya ɗan lanƙwashe kamar ganyen da rana ta buga. Na sa shi a ƙarƙashin tabarma na danne da dutsen niƙa har la'asar. A ido ya miƙe. Na mayar a rigarsa na sa a jaka.

Ran Litinin ya dawo daga ofis ko sallamar kirki bai yi ba. Ya ce kwamfuta ta manta komai, ko suna ɗaya ba ta riƙe ba, kuma jerin waɗanda za a sakar wa ruwa shi ma a faifan yake, ya ƙi buɗuwa. Manoma sun cika ofis suna faɗa, irin tumatirinsu ya isa dashe ba ruwa. Sai da ya koma kan tsohuwar tafireta kwana huɗu kafin aka liƙa jerin. Ogansu ya ce Baba Sale ne, don an gan shi yana goge kabad da jiƙaƙƙen tsumma a safiyar. Baba ya rantse bai taɓa faifan ba, oga ya karɓe makullin, ya ce ya zauna a gida sai an yi zama a kansa. Maigida bai faɗi cewa faifan a gidanmu ya kwana ba, don in ya faɗa nasa aikin ne zai tafi, kuma shi har zuciyarsa ya ɗauka lafiya ya mayar da shi.

'Yan'uwa, wannan Baban shi ne ranar da naƙuda ta kama ni maigida yana kwas, ya taka keke har bakin titi ya nemo mota. Shekaranjiya ya zo da albasa a ƙulle a rawaninsa, ya tsaya a zaure ya ce, "Amarya, ki sa min baki wajen mijinki, shi oga yana jin maganarsa. Shekara biyu ta rage min in yi ritaya, kada in fita da sunan mai ɓarna." Na ce to Baba, in sha Allahu. Ban iya ɗaga kai ba. Albasar tana nan, na kasa sa ta a miya.

Jiya kuma aka turo injiniya daga Kano. Maigida ya ce mutumin ya duba injin ya ce lafiyarsa ƙalau, wai tun farko faifan ne ya cika shi ya sa take manta sababbin sunaye, da sabo aka sa da shi ke nan. Ya ce amma wannan lalacewar zafi ne ba ruwa ba. Wai ya shinshina rigar faifan ya yi dariya ya ce, "Wannan ai ƙamshin ɗakin amarya yake." Baba Sale kuwa matarsa ta rasu da daɗewa, shi kaɗai yake kwana. Da maigida yake ba ni labarin bai kalle ni ba, kwanon tuwonsa yake kallo, daga nan ya kalli kaskona da ke bayan ƙofa. Yau da safe ya fita bai karya ba.

Ran Litinin za a yi zaman. In na faɗa wa maigida, dole ya je ya ce shi ya fitar da faifan, ƙila a kore shi, kuma duk Kadawa za a ji matar mai kwamfuta ta yi wa kwamfuta turare. In na yi shiru, dattijon da ya kira ni amarya ya ce in taimake shi ne zai tafi. Ni dai na san ba zan iya cin albasar nan ba. Don Allah ku gaya min, in fara durƙusa wa maigida ne, ko in fara zuwa wajen Baba? Kuma ta ina ake fara irin wannan magana da mutumin da nake jin ya riga ya sani, jira kawai yake in buɗe baki?