Hayaƙin Rigar Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Halifax. Yaya ƙafar taka? Yaya Goggo Ishbel? Ni lafiya lau, sanyin kamfanin kifin da nake aiki ne kawai ke tsattsaga min hannu.

Jiya na ga giyar wiski ta tsohuwar masana'antarmu ta can gida Islay a shago. Mai shagon ya ce, "'Yammata, daga gangar ƙarshe ce kafin a rufe wurin." Na ce, "Ni za ka gaya wa? Babana ne ya cika ta."

Na saya, amma ban sha ba. Ina buɗe kwalbar, ƙamshin hayaƙin busar da hatsin giyar, irin na jikin rigar aikinka, ya cika ɗakin, har na juya zan ce maka sannu da zuwa.

Don Allah kar Goggo ta wanke rigar nan sai na dawo.

'Yarka,
Kirsteen