Ruwan Kwatarmu Ke Raya Lambunta

Hajiya Rauda, don Allah ki taimake ni, abin ga ya hana ni sukuni.

Bara munka taso daga Argungu, da anka yi sabuwar jiha anka maido maigidana Birnin Kebbi. Gidan da munka samu a Nasarawa, kwatarmu ta ƙarƙashin katanga take bi ta faɗa filin maƙwabciyata Riskuwa. Ruwan wanka, na wanke-wanke, har na tsumman jaririna. Sai ta ja masa hanya, ta shuka latas da alayyahu. Hajiya, ki ga ganye shar! Ni nawa da nike ba ruwan rijiya ko motsi ya ƙi. Unguwa duk ganyenta ake ci, ana kiran Riskuwa mai hannun albarka. Har maigidana, da bai taɓa yaba miyata ba, ya ce in je in koyo.

Sai na fara ƙara omo da bilic a ruwan wanki, da gangan, don ganyen ya ƙone. Gefe guda kaɗai ya yi rawaya. Makon jiya ta aiko muna kwaɗon latas, ɗiyata Humaira ta ci ban sani ba. Kwana ukku tana amai da zawo, sai da anka yi mata ƙarin ruwa.

Yanzu ina son in shaida wa unguwa abin da suke ci. Amma wallahi ban sani ba, tausayinsu nike ji, ko faɗuwarta nike so.

Mai Damuwa, Nasarawa

'Yar uwa, duka biyun kike ji, kuma kin kyauta da kika faɗa.

Tsoronki na kan hanya. Ruwan tsumman jariri na ɗauke da ƙwayoyin cuta, latas kuwa ɗanye ake ci. Amma Riskuwa ba ta san abin da ke cikin ruwan ba. Ke kin sani, har kin ƙara. Ki bar zuba bilic daga yau, ki nemi gafarar Allah.

Kada ki kai maganar unguwa. Ki shiga gidanta ki gaya mata, har da abin da kika yi. Ruwan tsumma ya tafi masai. Sauran, maigida ya haƙa masa rami a cika da duwatsu. Latas kuma a ba shi ruwan rijiya. Taku tana kusa, ki bar Riskuwa ta ɗiba.

Za ki ji kunya, na sani. Ki daure, akwai wasu yaran da ke cin ganyen nan.

Allah ya ba Humaira lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Rauda